Masu Shirin Lissafin JAMB a Garinmu

Da zarar JAMB ta buɗe rajista, ajin da nake lesin ɗin yamma a Ƙetare sai ya cika har bakin taga. Wannan zai tafi ABU Zariya ya zama injiniya, wancan jami'ar Dutsin-Ma, wata kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tambayar lissafi 40 ce kacal cikin 180 da ake amsawa a awa biyu, amma ta ishe ta tona halin kowa. Wasu ma son aikin likita bai kama su ba sai ranar da suka ji babu lissafi a darussa huɗun da masu neman likitanci ke rubutawa. Muna yi musu fatan alheri, Fiziks na jiransu a gaba.

Cikin waɗanda suka tsaya akwai Mai Littafi. Ya sayi New General Mathematics, ya yi masa bango da takardar siminti, ya rubuta "Injiniya" kafin sunansa. Har ranar jarrabawa littafin na ƙamshin kanti. Akwai Hafizi, wanda ya haddace amsoshin fas kwashin. Ka karanto masa tambaya, kafin ka dire ya ce "B". Ka mayar da 3 ɗin da ke ciki 5, ya sake cewa "B", ko gezau. Akwai Mai Zai-Fito, da ba a buɗe babi bai ɗaga hannu ba: "Malam, wannan zai fito kuwa?" Sai Mai Jadawali, mai rula da jan biro: Litinin indisis, Talata logaridim, Laraba ya gano jadawalin bai tsaru ba, ya zauna zana sabo. Shi dai ba na matsa masa, don nawa jadawalin na kammala manhaja kafin mok yana nan manne a bango, kuma ba na son a riƙa kallon wajen.

Amma uban tafiya shi ne Ciyaman. Ya daina faɗin karo na nawa ke nan, sai dai yakan ba da labarin zamanin fensir da takarda, kafin a koma kwamfuta ɗungurungum a 2015, tamkar jiya aka yi. Ba ya zama a benci, kujera ake kawo masa. Ya san motar da za ka hau in an tura ka Funtuwa, da inda za ka kwana in an ba ka zaman sassafe, da mai shayin da ba ya ha'incin madara kusa da cibiyar jarrabawa. Shi ke gargaɗin 'yan mata su bar lalle kada na'ura ta ƙi karɓar yatsa, kuma gaskiyarsa ce. Shi ke koya wa yaron da bai taɓa riƙe maus ba cewa N gaba ne, P baya, S kuwa kada ka kusance ta sai ka gama.

Daga nan sai a shiga fatawa. In ba ka sani ba, zaɓi C. In C ta jeru sau uku, akwai tarko, koma A. Kada ka fara da lissafi, yana cinye lokaci. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Wannan rabon minti 120 gida 180 shi ne kaɗai lissafin da na taɓa ji ya ci, kuma ina zargin a bakin wani ya tsinta. Ka rubuta x² − 5x + 6 = 0 a allo, ka miƙa masa alli ka ce, "Ciyaman, bismillah." Sai ya yi murmushin manya: "Haba Malam, a ba yara dama mana." In ka nace, ya dubi rana, ya ce magariba ta kawo jiki, ya nemi buta. Bai taɓa faɗuwa ba: bara kwamfuta ce ta ɗauke, bara waccan maki aka danne masa. Duk da haka ranar da bai zo ba ajin ba ya daɗi, kuma shi ke cika wa yara kuɗin mota daga aljihunsa.

A can lungu akwai wata mai hijabi da ba ta magana. Ka tambaye ta, ta ce "Malam, ban iya ba." Ka duba takardarta, ta fitar da 2 da 3 tun Ciyaman na neman buta.

Mutum ɗaya ne ba na yi wa dariya: Mai Ekispo. Ba ɗalibi ba ne, ba ya ma shigowa aji. A gindin bishiya yake tsayawa da ƙatuwar waya, wai yana da mutum a hedikwatar JAMB da ke Bwari. Ba yaron yake nema ba, uban yake bi har zaure: "Baba, yaron nan akwai ƙoƙari, amma zamanin nan sai da hanya." Dattijo ya kai buhun masara kasuwa, ya damƙa masa kuɗin da hannu biyu, har da godiya. Yaro kuma ya ajiye littafi, tunda an ce amsa za ta zo daren jarrabawa. Yaran nan fa su ne waɗanda rufe makarantu ya cinye wa watanni bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disamban 2020, ga 'yan uwansu na Faskari da Sabuwa da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu. Ɗan lokacin da ya rage musu na koyon raba kashi da warware x shi wannan mutumin ke sacewa, kuɗin ma da sauƙi.

Ranar da sakamako ya fito, yaro ya tura saƙo 55019, maki ya dawo abin kunya. A kira Mai Ekispo, waya a kashe. Uban ba zai kai ƙara ba, don bai san bakin da zai faɗi abin da ya saya ba. Bayan wata biyu sai ga mutumin ya dawo gari da sabon layi da sabuwar shadda, yanzu kuma gurbin jami'a yake sayarwa.