Ko Me Aka Tambaya, Amsar Bakolori Ce

Da zarar zafin bazara ya tsananta, watan Mayu ya doso, sai wata sana'a ta ɓullo a Maradun: duban abin da zai fito a jarrabawar insha'i. Ba a buga ƙasa, ba a jefa wuri, amma kowane mai duba yana da tabbacin abin da ya hango. Malamin lesin yana da nasa hasashen. Ɗalibin da ya faɗi bara da bara waccan yana da nasa, shi ne ma aka fi saurara, tunda ya fi kowa sanin hanyar zauren jarrabawa. Mai cajin waya na bakin tasha kuwa har rantsuwa yake yi cewa ƙanin matar wansa yana aiki inda ake buga takardun.

Alhali abin da WAEC take nema a takardar Turanci ba ɓoyayye ba ne. Tambayoyi biyar ne, ka zaɓi ɗaya, ka rubuta kalmomi 450 cikin kamar minti 50. Irinsu ma sanannu ne tun zamanin iyayenmu: wasiƙa zuwa ga hukuma, wasiƙa zuwa ga aboki ko ɗan'uwa, maƙala don jarida, jawabi ko muhawara, sai labarin da zai gaskata wani zance. NECO ma kusan haka take yi, takardar Hausa ita ma da nata insha'in. Abu ɗaya tak aka ɓoye, shi ne batun da za a yi rubutu a kai. To wannan abu ɗayan shi ne gari ya tattara ƙarfinsa kaf a kansa.

A gida ake fara shiri. Inna ta sayo zuma da zabibi da habbatus sauda, domin an ce suna buɗe ƙwaƙwalwa. An hana yaro aike, an hana shi zuwa fadama, ƙannensa in suka yi tari sai a daka musu tsawa: "Ku yi shiru, yayanku na karatu!" Yayan kuwa yana ɗaki, littafi na kan ƙirjinsa, yana minshari. Baba ya ɗauki biro biyu sababbi ya kai wa malam a tofa musu, ya dawo da rubutun sha cikin gora. Ni ba ni da ja da addu'a, wa ya isa? Abin da na lura da shi kawai, a duk wannan hidima mutum ɗaya ne ya zauna ya yi rubutu da hannunsa, shi ne malamin da ya rubuta allon. Mai jarrabawar shanyewa kawai ya yi.

Daga nan sai hadda. Nan ne gwanintar 'yan garinmu take, domin wanda ya taso a makarantar allo ba a tsorata shi da shafi biyu. Dabarar ita ce a nemi insha'i ɗaya mai kyau, a haddace shi tsaf, sannan a shiga zaure da tawakkali. Kuma a ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, wane batu ya kai madatsar ruwa ta Bakolori? Tana kan gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, an kammala a 1978, tsawon bangonta ya haura kilomita 5, tana riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Kun ji ikon Allah, 450 a nan, 450 a can. Yaro na jin wannan dacewar sai ya ce ishara ce.

Ranar jarrabawa sai a buɗe takarda, a tarar ba Bakolori ba dalilinta. An ce rubuta wa kawunka wasiƙa ka ba shi labarin bikin yayarka. Wani yaron sai gumi ya karyo masa, amma ban da gwanin hadda. Zai gyara zama ya fara: "Kawu, ina fata kana lafiya. An yi biki lafiya, an watse lafiya. An ci shinkafa ƙwarai. Wannan shinkafa, Kawu, da ruwan madatsar Bakolori aka noma ta, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978." Shi ke nan, an hau hanya. Amarya ba za ta sake fitowa ba har ƙarshen shafi na biyu, inda za a ce tana gaishe shi.

In muhawara aka bayar kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, to ɗalibin kwana yana buƙatar ruwan wanka, ruwa kuwa kowa ya san inda yake taruwa. In an ce ba da labarin ranar da ba za ka manta da ita ba, ai ranar da aka kai ku yawon buɗe ido dam ce, ko da kuwa ba a taɓa kai ku ba. Ina tausayin mai makin da ke zaune can wani gari, wanda bai taɓa taka Zamfara ba, amma kafin ya gama damin takardun cibiya ɗaya ya san faɗin tafkin fiye da injiniyan da ya auna shi. Maki 50 ne a hannunsa, na ma'ana da tsari da iya sarrafa harshe da kiyaye ƙa'idojin rubutu, kuma ba a ware ko rabin maki domin noman rani ba.

Waɗanda suka waye sun bar hadda, sun koma WhatsApp. Akwai wani bawan Allah da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, hoton zaki ne a lambarsa, shi ke sayar da "ainihin tambayoyi" in an tura masa kati. Daren jarrabawa ba mai barci. Ƙarfe uku na dare saƙo ya shigo: shaye-shaye tsakanin matasa. A kira aboki a Mafara, ya ce su nasu cire tallafin man fetur ne. Na Bakura ya ce ƙarya ne, auren wuri ne, kuma nasa ya fi inganci don ya fi tsada. Kafin asuba yaro ya haddace rabin kowanne, ya shiga zaure ido jawur, ya tarar an ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan lalacewar hanya. Yana fitowa ya kira mai zaki, waya a kashe.

"Ɗana, mi ya hito?" in ji Baba a ƙofar gida.

"Baba, sun canza tambaya."

"Allah shi isa! Wanga zalunci har ina?"

Ka ji fa. Ba a ce yaro bai yi karatu ba, hukuma ce ta ci amana, ta ƙi fito da abin da aka sata. Wannan wasan ɓuya kuwa ya taɓa kai ƙasar nan inda ba a zata ba. Ranar 28 ga Mayu, 2025, WAEC ta jinkirta takardar Turanci saboda gudun kwarmata tambayoyi, har dare ya riski yara a cibiyoyi da dama, suka rubuta insha'i da hasken tocila. Dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa tana nan da tara da ɗauri, sai dai mai hoton zaki bai karanta ta ba, ba ta cikin abin da ya hango zai fito.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yankin nan bai taɓa rasa masu magana ba shiri ba. Je ka kasuwar Mafara ranar Talata ka tsaya gaban mai tallar maganin basir: gabatarwa, hujjoji, misalai, amsa ga masu suka, kammalawa da farashi, awa guda cur ba takarda a hannunsa. Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna, Ahmed Sani daga Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari daga Mafara a 2011, Bello Matawalle daga Maradun a 2019, kuma ba a cin zaɓe da kurumta. Shi kansa yaron da ya daskare gaban takarda, same shi teburin mai shayi da dare ana gardamar Barcelona da Real Madrid. Ba wanda ya sanar da shi batun tun da safe, ba wanda ya ba shi zabibi, amma zai jero dalilai bakwai da shekarunsu, ya rufe bakin wanda ya girme shi.

Kan yana da kaya, hannun ne bai saba ba. Shekara shida a sakandare, aikinsa kwafe abin da aka rubuta a allo. Malamin Turanci ɗaya da azuzuwa cike maƙil ba zai iya duba insha'in kowa duk mako ba, don haka ba ya bayarwa. Sau nawa aka ce wa yaron ya rubuta abin da shi kansa yake tunani, da Hausa ma, balle da Turanci? Kuma kada mu cika ganin laifinsa kan Bakolori, wurin manya ya koya. Tambayi ɗan siyasa a rediyo me ya sa famfo ba ruwa, ka ji ya fara da godiya ga Allah, ya yabi mai girma, ya zagi gwamnatin da ta shige, lokaci ya ƙare. Shi ma dam ɗinsa ke nan, kuma shi ba mai rage masa maki.

Don haka Baba, bana kafin ka kai biro wurin tofi, miƙa wa yaron ɗaya tare da takarda. Ka ce ya rubuta wa kawunsa na Gusau wasiƙar neman kuɗin rajistar jarrabawa, kalmomi 450, ba shinkafa, ba Italiya, ba kubik mita. Ya yi haka duk mako, kowane mako da sabon kawu da sabon dalili. In har mutum ɗaya cikinsu ya turo kuɗin, ka kwantar da hankalinka, yaron zai ci insha'i ko me aka tambaya.