Ranar da Na Kai Wa Amarya Wakili

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure ya san aikin wakilin ango. Shi ke zama gaban liman, ya miƙa sadaki, ya karɓi aure, a shafa fatiha ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Ba a taɓa jin ya bi motar amarya ba. To ni nawa wakilin har falon surukai ya shiga, kuma ni na kai shi da hannuna.

Sana'ata tace bidiyon biki a Kano. Wani Alhaji ya aurar da 'yarsa, aka yi kamu, aka yi yini, aka yi dina, kyamara biyu kowace ta ɗauko kusan awa shida a 4K, cikin tsarin H.265. Na zuba su a 'yar kwamfutata ta hannu, wadda ni ne mijinta na uku. Ina danna kunnawa amarya ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya cak kamar hawainiya, fanka na ta gurnani, can sai na gan ta har ta zauna a kujera. Yadda ta isa wurin, Allah kaɗai ya sani.

Na kira ubangidana a sana'ar. Ya ce, "Yi musu proxy mana." Wato ƙaramin kwafi mara nauyi da za ka yi yanke-yankenka a kai, in ka gama manhajar ta koma ta ɗauko na ainihi. Na ce ashe wakili ne. Ya ce kira shi duk abin da ka ga dama, amma ka buga masa tambari don kada ka rikita su. Kafin ya faɗi irin tsarin da zan zaɓa katina ya ƙare.

Da na buɗe jerin tsare-tsaren, rowa ce ta yi mini zaɓi. Na ga H.265 ya fi kowa ƙanƙanta, na ce shi ke nan, ga wakili mai sauƙin ciyarwa. Janareto ya kwana yana shan mai. Da safe amarya ta ɗan fara tafiya, amma da na ja hoton baya sai kwamfuta ta sake sumewa. Sai daga baya na gane dalili. H.264 da ƙaninsa H.265 ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Suna ajiye guda ɗaya, sannan su bi shi da bayanin abin da ya canza kawai. In ka nemi wani hoto a tsakiya, dole kwamfuta ta koma baya ta lissafo shi, kamar tsohuwar da ka tambaya ɗan wane ne wannan ta faro maka daga kakan kakansa. Ga masu yanka da ja gaba da baya irinmu, wannan azaba ce. ProRes na Apple da DNxHR na Avid kuwa kowane hoto da kansa yake tsaye, ka kira shi ya amsa. Farashin hakan shi ne girma.

Girman ne ya kayar da ni a dare na biyu. Na zaɓi ProRes 422 Proxy a 1080, ban yi lissafin cewa yana cin wajen giga 17 duk awa ba. Awa 12 ke nan sama da giga 200, ni kuwa 120 suka rage mini. Ana kiran assalatu rumbun ya cika, aikin ya tsaya a daidai yankan kek.

Dare na uku na sauko da shi zuwa 960 da 540, na buga masa WAKILI da manyan baƙaƙe a tsakiya. Nan fa kwamfuta ta zama amarya ita ma, sai yadda na juya ta. Cikin kwana huɗu na gama. Na fitar da gwaji, kuma don ya yi sauri na danna ɗan akwatin da ke cewa a yi amfani da wakilan. Na duba, komai daidai. Na sake fitarwa, ban cire alamar akwatin ba. Har ina yaba wa kwamfutar yadda ta gama da wuri.

A falon Alhaji an taru, gwaggwanni da ƙawayen amarya, ga talabijin ta cinye rabin bango. Aka saka filashi. Hoton da ya rage kashi ɗaya cikin 16 na ainihinsa ya baje a kanta. Leshin da Hajiya ta sha wahalar zaɓa ya koma kamar an shafa kunu, fuskar amarya kuma sai wanda ya haife ta. Ango ya shigo cikin babbar riga, a ƙirjinsa an rubuta WAKILI.

Falon ya yi tsit. Wata tsohuwa ta sa jikarta ta karanta mata, sannan ta dafe ƙirji. "Au, dama yaron bai zo dinar ba?"

Hajiya ta juyo. "Ɗan nan, wa ya ce maka wakili ne? Wannan ai shi ne mijin."

Na ce, "Hajiya, fayil ɗin ne wakili, ba shi ba."

Alhaji ya ce, "To Malam, mu da muka biya kuɗin ango, a kawo mana ango."

Fitar da na ainihin ya ci awa tara da galan biyu na fetur, daga aljihuna. Na kai musu, suka yaba, har ƙanwar amarya ta ce ni zan yi nata. Sai dai a wayar Hajiya, Wakili Mai Bidiyo aka ajiye lambata.