Libarbar gidanku ta korar karnuka ce, taubashi

Bawana na Maraɗi, ɗan gwaggo, hotunan da ka turo ta WhatsApp sun iso, tare da doguwar muryar nan da ka cika da rantse-rantse. Wai kun buɗe adakar kakanku na wajen uba kun tarar da libarba naɗe cikin tsumma, kuma tsofaffin gidan sun tabbatar maka Ɗan Baskore ne ya miƙa wa kakan kakanku ita hannu da hannu, ladar jarumta. Yanzu kana so in nemo maka mai saye a Katsina ko Kano, cikin attajiran nan masu tara kayan da, har ka yanka mini kaso. Madalla da bawan da ke tuna ubangidansa. Amma kafin a fara rabon kuɗi bari mu tambayi ƙarfen, tunda shi ba ya zuwa hirar dare a zaurenku.

Ɗan Baskore dai ba abin wasa ba ne, wannan na ba ku. Ya yi sarautar Katsinar Maraɗi sama da shekara ashirin, kuma ƙauyukanmu na wannan gefen sun ji a jikinsu. Tun da jihadi ya fitar da ku daga Birnin Katsina, Ɗan Kasawa ya sama muku mazauni a bakin gulbi, ba ku sake samun wanda ya kusa cika muku burin dawowa kamarsa ba. Sarautarsa ta ƙare a 1875. Riƙe wannan shekarar da kyau, kar ta suɓuce maka yadda birnin ya suɓuce.

To, buɗe hoto na uku, wanda babban yatsanka ya rufe rabinsa. Dubi bayan gangar nan mai juyawa inda ake zura harsashi. Akwai ɗan tambari mai siffar ƙwai, cikinsa haruffa uku, E da L da G, da tauraro a ƙasansu. Wannan hatimin gidan gwajin bindigogi ne na birnin Liyaj a Beljiyam. A can doka ta hana a kai bindiga kasuwa sai an ɗura mata albarushi fiye da kima an harba, in ba ta tsage ba a buga mata hatimi. Tun farkon ƙarni na 19 suke buga ƙwan nan, don haka shi kaɗai bai ƙaryata tsofaffinku ba. Abin da ya kashe maganar yana bisa kansa: ɗan kambin sarauta, ƙanƙane, wanda sai ka ja hoton da yatsu biyu kake ganinsa. Ba a fara ɗora wa ƙwan kambi ba sai 1893. Kai da kake taƙama da lissafin sefa, cire 1875 daga 1893. Aƙalla shekara 18 ke nan tsakanin ƙarshen mai kyauta da ƙera abin da ya bayar. Ko dai Ɗan Baskore ya aiko da ita daga barzahu, ko kuma wani tsoho a gidanku ya iya zance.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sake duban siffarta. Kunamar ba ta da zoben kariya, lanƙwashe ta ake yi ta kwanta a jikin ƙarfen. Gudumar da ke dukan harsashi ba a ganinta, an ɓoye ta cikin wani ɗan tozo a baya don kar ta kama aljihu. Gangar ta yi wa jikin tsawo, ramin bakin kuwa bai kai milimita 6 ba, ko fensir ba zai shiga ba. Duk mai tara tsofaffin bindigogi da ya hango ta daga nesa zai kira sunanta, Velo-Dog. Gidan Galand na birnin Faris ne ya fito da irinta a 1894, lokacin da hawan keke ya zama yayi a Turai, karnukan ƙauye kuma suka ɗauki ƙafar mai keke abin farauta. Don su aka yi ta. Ana ma ba da labarin cewa masu tausayi harsashin barkono suke saya, kare ya yi atishawa ya koma gida. Maƙeran Liyaj da na Eibar a Sifen suka yi ta kwaikwayonta birjik, ana sayarwa da araha har bayan yaƙin duniya na farko. Makamin yaƙin zuriyarku ke nan, taubashi. Yanzu na gane dalilin da ya sa har yau Katsina take hannunmu.

Na san halinka, kafin ka kai nan ka riga ka sauya labari. Za ka ce to, ba ta Ɗan Baskore ba ce, ganima ce daga ayarin Bule da Shanuwan, Turawan Faransa nan da suka ratso ƙasar Hausa da wuta a 1899, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka kara da Sarauniya Mangu a Lugu, daga bisani sojojinsu suka harbe su wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Shekarar ta yi daidai, wannan karon ba ka faɗi lissafi ba. Sai dai hafsan Faransa na lokacin libarbar gwamnati yake ratayawa, samfurin 1892 ko tsohuwar 1874, ƙirar masana'antar Santetiyen. Ta 1892 ba ta wahalar da kowa: sunan masana'anta na rubuce a jikinta, shekarar ƙira na kan bututu bayan harafin S, gangarta kuma dama take buɗewa, saɓanin yawancin 'yan uwanta. Da ta Ingilishi ce, irin Webley da hafsoshin Lugga suka shigo da ita Katsina a 1903, karya ta ake yi ta sama, kuma za ka ga kan kibiya, alamar kayan gwamnatinsu. Taka ba ta da ko ɗaya. In ka matsa mini in yi hasashe, zan ce wani akawun kantin Turawa ne na zamanin cinikin gyaɗa ya ajiye ta a aljihun tebur, ko wani tsohon soja ya dawo da ita tsaraba, kakanku ya karɓa a bakin bashi.

Sai maganar lamba 47 da ka zagaye da jan layi kana cewa 1847 ce. Haba ɗan gwaggo. Duba da kyau, za ka same ta a ganga, ka same ta a jiki, in ka kwance ƙotar ma tana ciki. A Liyaj aikin rarrabe yake tsakanin ƙananan maƙera, wannan ya yi bututu a gidansa, wancan ya yi ganga, wani ya harhaɗa. Lambar don kar kayan wannan bindiga su cakuɗe da na waccan ne. Shi ya sa irin taka ba a iya cewa ga shekararta takamaimai, sai dai a ce daga 1894 zuwa gaba. Masu ƙananan Smith & Wesson na Amurka su ne 'yan gata. Kamfanin ya adana littattafan fitar da kaya, daga 1957 ma ya fara buga lambar samfuri a inda ganga ke buɗewa, kuma ana iya neman takardar da za ta faɗi ranar da bindiga ta bar masana'anta da dillalin da aka aika wa. Taka ba ta da uban da za a rubuta wa wasiƙa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gefen da ka dirje da yashi da lemon tsami, wai don ta yi ƙyalli a hoto. Masu saye wannan duhun tsufan suke biya wa kuɗi. Ka kankare ɗan abin da ya rage na darajarta, saura kaɗan ka tafi da kambin da ya tona muku asiri, wanda na fara zargin da gangan ne. Kuma kar shaiɗan ya raya maka gwada ta. Ƙarfen da ya shekara fiye da ɗari yana shan damina a adaka, in ya tashi fashewa ba ya tambayar yatsun wa ke kai.

Yanzu batun da ka ce za ka sako ta cikin buhun wake ka biyo ta Ɗan Isa, in tarbe ka a Magama ran Lahadi, ranar kasuwa. A nan na daina dariya. Ka san shingayen da ke tsakanin iyaka da Jibiya, da waɗanda ke tsakanin Jibiya da Katsina: kwastan, 'yan shige da fice, soja, 'yan sanda. Ba ɗayansu da zai ciro tabarau yana neman kambi a kan ƙwai. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da tsofaffi masu ƙanƙara, lasisinsu sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wata dokar ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda aka kama da bindiga ba takarda. Jibiyar nan kuwa ta sha wuyar 'yan bindiga, har layin waya aka yanke mana a 2021 saboda su. Mutumin da aka sace wa ɗa ko aka kore wa shanu ba zai saurari tarihin karnukan Faransa ba. Ni ma in aka tambaye ni, cewa zan yi wani bawa ne da ya gudu tun zamanin kakanni, ban san inda ya koyo wannan ba.

Bar ta inda take, ka sanar da jandarmomi yadda doka ta ce, ka roƙi a miƙa ta gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai in suna so. Takardar bayanin da za a liƙa a ƙasanta ni zan rubuta kyauta, da Hausa da Faransanci, har da sunan unguwarku.

Ka gaida gwaggo, ka ce mata ɗan ƙanenta na nan tafe bayan sallah, kuma ban ɗora mata laifin gidan da aka kai ta ba. Kaso na da ka yi alkawari kuwa ban yafe ba. Tunda ciniki ya mutu, a biya ni da kilishi da cuku, a haɗo da ladar binciken nan, a ba direban da ya san ni a tasha. Wannan kayan ko a shinge aka tsayar da shi, iyakarta su ɗanɗana.