Angon Ƙarni, Yau Kai Ne da Aikin Dare

An raɗa suna, an soye rago, 'yan barka sun watse sun bar maka tulin sabulu. Yanzu ƙarfe biyun dare ne. Mai jego ta sha kunun kanwarta barci ya yi awon gaba da ita, kai kuma ga ka tsaye a tsakar ɗaki, gwangwani a dama, fida a hagu, wani ɗan taliki da bai kai nauyin gero tiya biyu ba yana ba ka oda da iyakar muryarsa. Kwantar da hankalinka. Ni yayarku ce a wannan fanni. Ƙanwata ta haifi tagwaye ta kwanta jinya kusan wata biyu, ni da mijinta muka riƙe Hassan da Husaini da madarar gwangwani bisa umarnin likita, har Allah ya tashi kafaɗunta. Abin da malamar asibiti ta koya mana a lokacin, shi zan damƙa maka.

Kafin ka buɗe murfi, ka san cewa abin da ke hannunka mataimaki ne, mai sarautar tana can tana barci. Nonon uwa ba ya son tafasa, ba ya son awo, NEPA ba ta da iko da shi, kuma yana ɗauke da kariya daga cututtuka da babu kamfanin da ya iya zubawa a gwangwani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri shi zalla wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2, adadin da muka riga muka sani daga Suratul Baƙara. Rubutun nan da ka gani a jikin gwangwani yana yabon nonon uwa ma doka ce ta sa shi, tun ƙa'idar tallan madarar jarirai da ƙasashen duniya suka amince da ita a 1981. Sai dai akwai gidan da uwa ta rasu, akwai wanda take kwance, akwai wanda likita ya ce a haɗa da madara. Irin wannan gida taimako yake bukata. Duk maƙwabciyar da ta shigo da gorin “ke ba ki da nono ne?”, ka raka ta bakin ƙofa cikin mutunci, ka ce ta gaida gida.

Sai aljihu. Jaririn da ya dogara da gwangwani kaɗai yana shanye kusan kilo 20 na gari a wata 6 na farko, wato gwangwani wajen 50 masu giram 400. Zauna ka ninka wannan da farashin yau, in kana bukatar ruwa ka sha. Na fara da lissafin ne don kada a shiga kogin ba a san zurfinsa ba. In ka je saye, ka juya gwangwanin ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ka bar wanda ya lotsa ko ya yi tsatsa, ka ɗauki mai lamba 1 in jaririn bai kai wata 6 ba. Madarar shayi, ta leda ko ta awo, komai farinta da garɗinta, ta mai shayi ce. Ba abincin wanda bai shekara ba ce.

To, ga sirrin da yawancin mutane ba su sani ba. Garin nan fari tas, mai ƙanshi, wanda ya zo a rufe da murfi biyu kamar asusun Hajiya, ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba. Akwai wata ƙwaya mai suna Cronobacter da ta iya zaman haƙuri a busasshen gari wata da watanni, sai ta ji ruwa mai ɗumi ta farka ta shiga hayayyafa. Ba kasafai take kama jariri ba, amma in ta kama tana iya shiga jini ko ta jawo sanƙarau, kuma ta fi tsananta wa 'yan ƙasa da wata 2, da bakwaini, da wanda aka haifa ba nauyi. Kada ka ce wannan matsalar ƙasashenmu ce. A watan Fabrairun 2022 aka rufe wata babbar masana'antar madara a garin Sturgis na jihar Michigan a Amurka, bayan an samu jariran da suka kamu, masu bincike kuma suka tarar da ƙwayar a cikin masana'antar. Madara ta yi ƙarancin da sai da jirgin soja ya ɗauko ta daga Jamus. In Amurka ta tada jirgi saboda ƙwayar nan, kai ma ka iya tashi ka kunna risho.

Maganinta ruwan zafi, kuma zafin yana da lamba: digiri 70 ko sama da haka. Haka yake a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007. Na san ba ka da ma'aunin zafi a madafa, ba ka kuma bukatarsa. Ɗebo ruwa mai tsabta lita 1, ka tafasa shi har ya yi ta tsalle yana ɓararraka, ka sauke, ka bar shi a rufe, kada ya wuce minti 30. Ruwan leda ma a tafasa, na gora ma a tafasa, na rijiyar burtsatse da na 'yan ga-ruwa kuwa ba sai an faɗa ba. Kan wannan gaɓa za ka sha musu, domin kowa zai ce maka ai da ruwa mai ɗumi ake haɗa madarar jariri. Ruwa mai ɗumi-ɗumi shi ne ruwan wankan ƙwayar, tana jin daɗinsa kamar yadda kake jin daɗinsa da asubar hunturu. Da zafi ake haɗawa, sannan a huce.

Za ka ce, Yaya, yaro na tsala ihu ni kuma ina gadin agogo minti talatin? A nan filas yake shigowa. Da za a kwanta, ka tafasa ruwa ka juye shi nan take a filas mai kyau, ka cika shi fal, ka toshe. Cikakken filas yana riƙe zafin da ake so na wasu awoyi. Filas ɗin na jariri ne shi kaɗai. Ba a zuba masa shayi, ba a ara wa baƙo, kai ma ba ka da rabo a ciki ko da mura ta kama ka.

Hannu fa? Wanke shi da sabulu. Hannun nan yanzu ya taɓa wayar salula, ya taɓa kuɗi, ƙila ya canza ƙunzugu. Fidar kuwa tun da rana ake gama da ita. A kwance ta gaba ɗaya, kwalba daban, zobe daban, robar baki daban, a bi kowanne da buroshi da ruwan sabulu mai zafi. Ka juya robar ciki waje ka duba, akwai wani ɗan farin dasƙare da ke maƙalewa a lungun zobe, wanda in ka shinshina za ka gane dalilin da ya sa ake gudawa a gidan da ake ganin tsaf yake. A ɗauraye, a nutsar da su duka a tukunya mai murfi, a tafasa minti 10, a bar su a rufe har lokacin bukata. In wannan hidimar ta yi wa gida yawa, ka tambayi malamar asibiti ta nuna muku shayarwa da ƙaramin kofi. Kofi ba shi da lungu, wankinsa sauƙi, kuma jariri sabon haihuwa ma yana iya sha da shi.

Yanzu awo, kuma a nan zan daɗe.

Ruwa ake fara zubawa, gari ya biyo baya. Ajiye fidar a kan tebur, ka sunkuya idonka ya yi daidai da layin, ka ga ruwan ya tsaya cif a kan lambar. Yawancin madarar da ke kasuwanninmu cokali 1 ne ga mililita 30, wato mililita 90 cokali 3, mililita 120 cokali 4. Amma ka karanta jikin naka gwangwanin, don kamfani da kamfani sukan bambanta, kuma cokalin da ya zo a cikinsa shi ne nasa. Na wani gwangwanin ba ya yi, na shayi ba ya yi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne a kasuwar Dawanau. A bakin fida ido bai san komai ba. Ka ɗebo garin sakwa-sakwa, ka shafe saman da bayan wuƙa mai tsabta busasshiya ko da ɗan leɓen da ke bakin gwangwanin, ya zama daidai wa daida. Babu tozo, babu dannawa, babu gyara. Kuma ka ƙirga da baki, a fili, domin da ƙarfe biyun dare tsakanin cokali na uku da na huɗu akwai wani rami da lissafi ke faɗawa. In ƙidaya ta ɓace, zubar ka sake.

Mutum biyu za su zo maka da shawara a nan, dukansu masoyanka ne. Ta farko Hajiya ce, kakar yaro. Za ta ɗaga fidar ta kalla a fitila ta ce, “Wannan tsululun ruwan ne zai riƙe masa ciki? Ƙara masa biyu ya yi kumari.” Ka rusuna ka ce, “Allah ya ƙara girma, Hajiya, likita ne ya auna.” Madara mai kauri tana ɗora wa ƙodar jariri nauyin da ba ta kai ɗauka ba, tana busar da ruwan jikinsa, ta ɗaure masa ciki ya kwana yana nishi. Haka in ta kawo batun sukari, ko koko da za a tsiyaya a ciki a buɗa bakin robar da allura. Zuma kuwa, duk albarkarta, ba a ba wanda bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da gubarta ke shanye jikin jariri.

Mai shawara na biyu ba ya sallama, a zuciyarka yake. Ranar 24 ga wata, gindin gwangwani ya fara leƙowa, sai ka ji yana raɗa maka: rage cokali ɗaya mana, wa zai sani? Ƙanena, jikin yaron zai sani. Cikinsa zai cika da ruwa ya yi shiru, amma ba abinci a ciki, sai ka ga wata ya zagayo sikelin asibiti bai motsa ba. In ruwan ya yi yawa sosai yana tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Na san tsadar rayuwa, na ga mijin ƙanwata yana juya gwangwani yana kallon silin. Abin da ya yi shi ne daidai: ya faɗa wa 'yan'uwa, aka yi karo-karo, ya kuma koma asibiti aka nuna wa matarsa yadda za ta dawo da ruwan nononta sannu a hankali ta hanyar yawan ɗora yaran. Fitar da kunya ka nema ya fi ka tsinka abincin wanda bai iya kai ƙara ba.

Ka rufe fidar ka girgiza har gari ya narke. Sai hucewa. Tsoma ta a kwanon ruwan sanyi, na randa ya yi, amma ruwan ya tsaya ƙasa da murfi. Kada ka buɗe ka hura da baki, ba koko ba ne. Kada ka kurɓa ta robar don ɗanɗanawa. Ɗiga kaɗan a cikin tsintsiyar hannunka, wurin da fata take da laushi. In ka ji ɗumi kamar na jiki, ta yi. In ka ce “kai!”, mayar da ita ruwa.

Daga nan agogo ya fara tafiya. Madarar da aka haɗa awa 2 gare ta, abin da ya wuce haka na kwata ne. Wadda jariri ya sha ya rage kuwa, yawunsa ya riga ya shiga, ba a ajiye masa “ya ƙarasa in ya tashi”. Ƙa'ida ta yarda a ajiye wadda ba a taɓa ba a firji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa, har awa 24. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko firjinku ya taɓa ganin wuta awa 24 a jere, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. In amsar a'a ce, kowane sha da haɗinsa sabo. Gwangwanin kuma ka rubuta masa ranar buɗewa a murfi, yawancinsu mako 4 gare su, ka rufe shi ruf a wuri busasshe, cokalin kada ya koma ciki da lema.

Sauran aikin mai daɗi ne. Ɗauke shi ka jingina shi a hannunka, kansa sama da cikinsa, ka karkata fidar yadda madara za ta cika robar kada ya haɗiyi iska. Ba a tokare fida da matashi a koma kallon ƙwallo, yana iya sarƙewa ba mai gani. In ya kau da kai ya ƙoshi ke nan, ba bashi ya ci ba da za a ce sai ya shanye. In kuwa ka ga gudawa, ko amai mai yawa, ko zazzaɓi, ko maɗiga ta faɗa, ko ya ƙi sha sam, wannan ba na jiran gari ya waye a nemi shawarar maƙwabta ba ne, asibiti kai tsaye.

Ya gama? Yafa tsumma a kafaɗa, ka ɗora shi, ka riƙa shafa bayansa a hankali. Za ka ji wata gyatsa da ta fi ƙarfin mai ita, irin ta dattijon da ya tashi daga kan tuwon shinkafa, ƙila da ɗan tumbuɗi a wuyan rigarka. Kwantar da shi rigingine. Zubar da ragowar, kwance fidar ka ɗauraye tun madarar ba ta bushe ba, ka lallaɓa da sanɗa ka hau gado ka ja bargo. In gidanku irin namu ne, daidai lokacin nan Husaini zai buɗe ido. Fida ta biyu tana cikin tukunya, filas yana nan inda ka bar shi, fara da wanke hannu.