Masai Mai Maɓalli Biyu

Ƙanena ya gama gini a Kano, ya kira ni in zo in sa albarka. Ko zama ban yi a falo ba ya ja ni banɗaki.

"Yaya, duba nan." Masai ne irin na zama, da maɓalli biyu a saman tankinsa. Ƙaramin yana sakin lita 3, babban lita 6. Ya ce wani kamfani a Ostireliya, Caroma, shi ya fito da irinsa a 1980, kuma tsohon yayi kan zubar da lita 13 a ja ɗaya. Nan kam na yi shiru, don lita 13 ta haura rabin jarkar 'yan garuwa, kuma ni na san ciniki a bakin kura. Ya ƙara da cewa Amurka ma ta yi doka a 1992, kada masai ya wuce lita 6.

Sai ya murɗa shawar tsimi don in ga aiki. Ta yi tari sau biyu, ta huro iska. Kwana huɗu ba wuta, tankin sama ƙaf. Na ce lallai wannan ta fi kowa tsimi.

Inna tana bakin ƙofa da butarta, wadda take alwala da ita har ta rage na wanke ƙafar jika. Ta leƙa, ta ce, "To Allah ya sanya alheri. Ina aka ajiye bokitin?"

Yaran gidan kuwa, ranar da ruwa ya zo, maɓallan biyu suke dannawa tare, don sun fi son ƙarar.