Ana Nemanka, In Ji Bango

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba, musamman ku Kanawa, da kuke ganin tun da sojojin Lugga suka ci garinku a 1903 Turanci ya zama gadon gidanku. Za ku ce me ya haɗa Zongon Lome da Ingilishi, garin da ko mai shayi sai ya gaishe ka da Faransanci? To ku gyara zama.

Lome jingine take da iyakar Gana. Daga unguwar Kodjoviakopé mutum da ƙafarsa yake takawa ya shiga Aflao. Jamusawa suka fara riƙe ƙasar Togo daga 1884, aka fatattake su a 1914, kuma ita kanta Lome a hannun Ingila ta zauna har 1920 kafin a miƙa wa Faransa. A Yunin 2022, a taron Kigali, Togo ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ko da yake goyon bai wuce na 'yan shekaru ba. Ku ƙara da cewa da wuya ka sami ɗan Zongo da ba shi da kawu a Nima ta Ankara ko gwaggo a Agege ta Ikko. Turancinmu a mota yake zuwa, tare da goro da atamfa, ba ya jiran izinin malamin makaranta.

Cikin kayan da motar ta sauke mana akwai kalmomi biyu da suka fi kowa yawo a jikin bango da turakun lantarki, yanzu kuma a WhatsApp: "wanted" da "needed". Ta farkon ce mai fitina. In aka rubuta "Driver wanted", direba ake nema, aiki ne ya samu. In mai rubutun allo ya ga dama ya juya, ya sa "Wanted driver", to ya zama direban da hukuma ke nema ruwa a jallo. Na ji wani daga baya yana cewa, "Haba malam, ai kowa ya gane." Gaskiyarka, ɗan'uwa, kowa ya gane. Sai dai in hotonka aka liƙa a ƙarƙashin rubutun, ina tabbatar maka da kanka za ka nemi a gyara jerin kalmomin. Haka in ɗan aike ya tsaya a kanka ya ce "You are wanted", kiranka kawai ake yi a ofis ko wajen shugaban makaranta, amma ban taɓa ganin wanda aka faɗa wa haka ya tashi yana murmushi ba. Ko a Hausa, in aka ce ana nemanka, amsar farko ita ce, "Lafiya?"

Ita "needed" ta fi ladabi, tana nuna akwai gurbin da sai kai. Shi ya sa samari suka ɗauke ta suka kai zance. Yaro ko kuɗin mai bai gama biya ba a zemijan ɗin, wato babur, da yake haya, amma zai tura wa yarinya "I need you" da tsakar dare. 'Yan matan Zongo kuwa sun daɗe da amsa: in buƙatar ta gaske ce, a turo manya.

Inda wasa yake ƙarewa shi ne in aka ƙara mata "urgently", wato da gaggawa. Ku dubi irin takardar da kyau. Ana buƙatar 'yan aikin gida, masu gadi, direbobi, a Dubai ko Kuwait ko Lebanon. Albashi da dala. Babu sunan kamfani, babu adireshi, sai lambar waya guda. Ka kira, murya mai sanyi ta ce gurbi biyu ya rage, ka fara turo jaka kaza na fom. Wa ke cikin gaggawar nan, mai neman ma'aikaci ko mai neman jakunkunan? Hajiya, na ga kin taɓe baki, za ki ce ai ɗan wance ya tafi ya dawo da mota. Na ji, Allah ya sa albarka. Amma gwamnatin Gana ba don nishaɗi ta dakatar da ɗibar 'yan aikin gida zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a 2017 ba. Koke-koken waɗanda aka karɓe musu fasfo aka hana su albashi ne suka yi yawa. Mai motar kowa ya gan shi, don shi ya dawo yana ɗaga hannu ta taga.

Abin da ya fi ba ni dariya, Zongo ita ce wurin da bai kamata bango ya yi kasuwa ba. A nan aiki yana da ubangida. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in ciniki ya rikice. Har wani Bafaranshe mai nazarin al'umma, Michel Agier, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tsari na 'yan kasuwar Zongon Lome, ya fito a 1983. A 1977 hukuma ta rushe tsohuwar Zongo da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa arewa, wajen Agoè, a bakin titin da ya miƙe zuwa Cinkassé da Burkina Faso, manyan gine-ginen bankuna suka tashi a tsohon wurin. Gidaje aka rushe, amma tsarin ya bi masu shi. Har gobe in Alhaji yana son direban da zai ja masa tirela daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai ko Maraɗi, ba ya sayen fenti. Bayan La'asar zai tambaya a ƙofar masallaci, tambayar kuma ɗaya ce: ɗan wa ne, wa ya tsaya masa?

Ga ɗan boko can ya ɗaga yatsa: "Wannan ai wa-ka-sani ne, wa-ya-san-ka!" Zauna, ƙanena, wannan karon ka ci. Wanda ba shi da kowa a ƙofar masallacin nan zai daɗe a tsaye, kuma irinsa ne bango yake kamawa. Maraya, da sabon zuwa, da yarinyar da ta gaji da tallan koko, su ne suke tsayawa su karanta har ƙasa, su kwafi lambar a tafin hannu. Ba wauta ce ta tsayar da su ba. Babu wanda ya taɓa aiko musu yaro ya ce Alhaji na kira.

Duk da haka, Hajiya, tun da har yanzu ba ki yarda ba, ga gwaji mai araha. Ki kira lambar da kanki. Ki tambaye shi sunan maigidansa, da unguwar da ofishinsu yake, ki ce za ki zo da yayanki ku gaisa. In ya ce ki fara turo kuɗin fom ta waya, ki ce masa ya yi haƙuri, ke ma ana nemanki da gaggawa, tuwo na kan wuta.