Allah Ya Ƙara wa Alƙalan Ƙanƙara Basira

Mu mutanen Sinkase da Dapaong ƙauyanci ya yi mana katutu. In ana kokawar Evala a Kara cikin watan Yuli, wanda aka kayar shi ne ya sha ƙasa, ko yaro ya gani. Ina wayewa a nan? A je a ga alƙalan rawar zamiya a kan ƙanƙara, bayin Allah da ba su yarda idon ɗan kallo ya ruɗe su.

A gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City ta Amurka, Jamie Salé da David Pelletier na Kanada suka yi wasansu babu tangarɗa. Anton Sikharulidze na Rasha, abokin wasan Elena Berezhnaya, ya yi tangaɗi wajen dira. Jahili sai ya ce Kanada ta ci. Alƙalai biyar cikin tara suka ba Rasha, domin su masana ne. Alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce shugaban hukumar ƙasarta, Didier Gailhaguet, shi ya matsa mata, daga baya ta lashe amanta. Masu hassada suka ce ba ni gishiri in ba ka manda aka yi, don Faransa ta samu ƙuri'a a wani rukunin. To, zumunci laifi ne? Aka dakatar da Le Gougne da Gailhaguet shekara uku, aka ba Kanada zinare, Rasha ma ta riƙe nata. Na ɗaya har biyu! Wane alƙali ya taɓa raba gardama haka, kowa ya tafi gida da gaskiyarsa?

Sai hukumar duniya, ISU, ta nuna hazaƙarta. A 2004 ta yar da tsohon tsarin maki shida, ta kawo sabo wanda ya ɓoye wane alƙali ya ba da wane maki, aka yi ta haka har 2016. Tunda ganin hannun ɓarawo ke jawo surutu, ai maganin sata a kashe fitila.

An ga amfanin haka a gasar Olamfik ta Sochi a 2014. Adelina Sotnikova ta Rasha, duk da ɗan tuntuɓen da ta yi, ta tashi da maki 224.59, Yuna Kim ta Koriya ta Kudu mai riƙe da kambu ta samu 219.11. Cikin alƙalan akwai Alla Shekhovtseva, matar babban darektan hukumar Rasha, wadda aka gani ta rungume Sotnikova bayan wasa. Tausayi ne irin na uwa. Akwai kuma Yuri Balkov na Yukren, wanda aka taɓa dakatarwa shekara guda bayan an naɗi muryarsa yana jera sakamakon gasar Olamfik ta Nagano ta 1998 tun ba a gama wasa ba. Mai irin wannan duba ai ba a barinsa a gida.

Ku yaran da ke sammako kuna targaɗa ƙafa a kan ƙanƙara, ku huta haka nan. Tsalle kowa na iya koya. Ku roƙi iyayenku su ƙulla surukuta da hukuma.